KAFIN A KAI GA ALƘALI: Abin Da Lauyoyi Ke Tararwa A Caji Ofis

Idan aka kama ɗan Arewa a Ikko, ko Badun, ko Fatakwal, lauya shi ne mutum na ƙarshe da ake tunawa da shi. Da fari abokan sana'a za su bi sawu su gano caji ofis ɗin da aka kai shi. Daga nan a gaya wa shugaban kasuwa ko na 'yan acaɓa, shi kuma ya aika gidan Sarkin Hausawa, a tashi wakili ya je ya ba da haƙuri. In haƙuri bai yi ba, a dawo a yi karo-karo a koma da abin goro. Sai duk wannan ya ci tura, an kwana uku ko an yi mako, sa'an nan wani zai ce ko a nemo lauya.

Lauyoyin da aikinsu shi ne kare waɗanda ake tuhuma da laifi sun daɗe suna kuka da wannan al'ada, kuma ba don kuɗin aikinsu kaɗai ba. Dalili shi ne, a lokacin da suka iso, abin da zai ɗaure mutum ko ya kwance shi a gaban alƙali an riga an gama shi. Takarda ce guda ko biyu, an rubuta da Turanci, a ƙasanta ga dangwalen babban yatsa. Ita ce 'yan sanda ke kira sitatimen, watau bayanin da aka ce wanda ake zargi ya yi da bakinsa. Shari'a tana iya yin shekara biyar ana tafka ta a Babbar Kotu, ga lauyoyi cikin baƙaƙen riguna da manyan littattafai, amma in an duba da kyau sai a tarar duk a kan wannan 'yar takarda ake ta kai da kawowa, wadda aka rubuta cikin rabin sa'a a wani ɗan ɗaki, ba lauya, ba ɗan'uwa, wani lokaci ma ba tafinta.

A Bakin Kanta

A rubuce dai doka ba ta rage kome ba. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999, wanda aka gado daga na 1979, ya ce wanda aka kama yana da ikon yin shiru, ya ƙi amsa kowace tambaya, har sai ya gana da lauya ko wani mutum da shi da kansa ya zaɓa. Ya ce cikin awa 24 a sanar da shi dalilin kama shi a rubuce, cikin harshen da yake ji. Ya kuma ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da ikon jin maganar a tsakanin kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. A birni kamar Ikko kuwa da wuya a sami caji ofis ɗin da ya yi wa kotu wannan nisa.

Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta Tarayya, wadda aka sa wa hannu a 2015, ta ƙara da cewa wajibi ne ɗan sanda ya gaya wa mutum waɗannan haƙƙoƙi, a kuma sanar da danginsa inda yake ba tare da an karɓi ko kwabo ba. Ta hana kama wani a madadin wani, watau a ɗauke mata ko ƙane domin maigida ya fito. Ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa alkawarin ciniki. Jihar Legas ce ta riga kowa yin irin wannan doka, tun 2007, ta sabunta ta a 2011, sauran jihohi suka bi baya, kowace da tata. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta sake maimaita yawancin waɗannan sharuɗɗa.

To, lauya ya iso bakin kanta da wannan doka a jakarsa, ya nuna katinsa, ya faɗi sunan wanda ya zo gani. Amsar farko da ya saba ji ita ce mai binciken, wanda suke kira IPO, ya fita aiki, DPO kuma yana taro a hedkwata. Sai ya sami benci ya zauna, ko ya tsaya a gindin bishiya tare da dangi har la'asar. Wani lokaci a ce masa babu mai wannan suna a littafi, alhali mutumin yana ciki. Wani lokaci a ce an wuce da shi Panti, watau sashen binciken manyan laifuffuka na jiha da ke Yaba, in ya je can ya tarar ba a kawo shi ba tukuna. In an yi sa'a an fito masa da mutumin, to a tsaye za su gana, na 'yan mintoci, ga kurtu a gefe yana sauraro. Wa zai ce an doke shi alhali wanda ya doke shi yana tsaye a kansa, kuma ya san nan zai kwana?

Akwai maganar da kusan kowane lauya ya sha ji, cewa ya je ya jira a haɗu a kotu, nan ba wurin lauya ba ne. 'Yan sanda da yawa sun ɗauka lauya ɓata bincike ya zo yi. Dangi kuma nasu tsoron dabam ne: in suka zo da lauya ran mai bincike zai ɓaci, maganar da za a kashe da 'yan kuɗi a daren nan ta koma sai kotu. Kuma ba ƙarya suka yi ɗungurungum ba, yakan faru. A bangon caji ofis an manna takarda da manyan baƙaƙe cewa beli kyauta ne, mai karatu kuwa ya san yadda wannan magana take. Nan ne lauya mai gaskiya ke shiga tsaka mai wuya. In ya dage sai an bi doka, mutuminsa na iya ƙara kwana uku a sel, dangi su ce lauya ne ya jawo. In ya shiga aka yi cinikin da shi, ya zama dillalin hanci da rigar lauya. Wasu sukan fita waje kamar za su amsa waya, su bar dangi su ƙarasa.

Wa Ya Yi Tafinta?

Ga ɗan Arewa mazaunin Kudu akwai wani rami na biyu wanda ɗan gari ba ya faɗawa, shi ne harshe. A ɗauki misalin mai gadin wani gida. Ɓarayi sun shiga da dare, da safe maigidan ya kai ƙara, kuma kowa ya san mai gadi ne farkon wanda za a ɗauka. Ba ya jin Turanci sai ɗan buroka na ciniki, ba ya jin Yarbanci, mai bincike kuma ba ya jin Hausa. Sai a leƙa bakin titi a kirawo mai shayi, ko a nemo wani kurtu da ya taɓa zama a Kaduna, ko ma a fito da wani daga sel, a ce ya yi tafinta. Mai gadi ya ce ya shaida fuskar ɗaya daga cikinsu domin yakan wuce ta layin. Takarda ta fito da cewa ya san ɓarayin. Ya ce ya buɗe ƙofa ne da bindiga a ƙeyarsa. Takarda ta ce shi ya buɗe musu ƙofa, maganar bindiga ta zube a hanya. Ba lalle ne a ce da mugunta aka yi ba. Tafinta sana'a ce, ba duk mai jin harshe biyu ya iya ta ba. Tsakanin "na ji" na kunne da "na ji" na yarda akwai tafiyar shekaru a Kirikiri.

Ga kuma ladabin da aka tashi da shi. Ɗan Arewa in ya tsaya gaban hukuma yakan sunkuyar da kai, ya yi ta cewa to, na'am, Allah ya ba da haƙuri, ko da bai san abin da ake zarginsa da shi ba. A gida kowa ya san wannan girmamawa ce. A kunnen wanda bai san al'adar ba kuwa, mai ba da haƙuri ya amsa laifi ke nan.

A saman fom ɗin bayani akwai kalmomin gargaɗi da aka gada daga Ingila, masu cewa ba tilas ne mutum ya yi magana ba, amma duk abin da ya faɗa za a rubuta, kuma ana iya kafa hujja da shi a kotu. Da Turanci aka buga su. A ƙarƙashinsu ma akan sa mutum ya dangwala, alamar wai an karanta masa ya fahimta.

Kotuna sun daɗe da sanin wannan matsala. Tun zamanin Turawa, a 1940, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma, a shari'ar wani mai suna Gidado, ta ce bayanin da aka ɗauka ta bakin tafinta ba ya zama hujja sai an kira tafintan ya ba da shaida. A 2012 Kotun Ƙoli ta sake jaddada haka a ƙarar Gwamnatin Tarayya da Usman, inda waɗanda ake tuhuma suka yi magana da Hausa aka rubuta da Turanci. Hikimar a fili take: wanda ya rubuta bai ji abin da mutumin ya ce ba, abin da tafinta ya ce ya ji, don haka shaidarsa ji-ta-ji-ta ce. Kotuna sun kuma sha ba da shawara cewa abin da ya fi shi ne a rubuta bayani cikin harshen da aka yi shi, sa'an nan a fassara, a kawo duka biyu. Dokar 2015 kuwa, a sashe na 17, cewa ta yi tafinta ya karanta wa mutum abin da aka rubuta har ya gane, sa'an nan tafintan ya sa sunansa, da adireshinsa, da sana'arsa, ya sa hannu.

Saboda haka in takardar ta shiga hannun gogaggen lauya, ƙasanta yake fara dubawa kafin samanta. Sunan wa ke nan? Ina yake yanzu? Mai shayin da aka kira shekara huɗu da suka wuce ya koma Ilela ko Maigatari, ba wanda ya san gidansu, to wannan takarda ta mutu. Amma fa masu bincike su ma sun san dokar. Hanya mafi sauƙi ita ce kada a ambaci tafinta sam, a rubuta cewa mutumin da buroka ya yi bayani. Daga nan magana ta koma tsakanin bakin ɗan sanda da na wanda ake tuhuma. Shi ya sa lauyoyi ke dagewa tun ranar farko a kotu cewa a kawo tafinta, wanda sashe na 36 na Tsarin Mulki ya ce kyauta ne, a kuma rubuta a littafin kotu cewa mutumin ba ya jin Turanci. Wanda ya ji kunya ya ce yana ɗan taɓawa, don kada a ce masa baƙauye, ya sare reshen da lauyansa zai kama.

Wani abu kuma da ke ɓacewa a wannan takarda shi ne uzurin cewa mutum ba ya nan sa'ad da aka yi laifin. Ƙa'idar kotunan Nijeriya ita ce wanda zai kafa wannan uzuri ya faɗe shi da wuri, tun a hannun 'yan sanda, ya faɗi inda yake da waɗanda ke tare da shi, domin a je a bincika. In ya faɗa dalla-dalla ba a bincika ba, wannan na iya zama riba gare shi. In kuwa sai a gaban alƙali aka fara jin cewa ran nan yana kan motar shanu tsakanin Mokwa da Jebba, sai a ce yanzu ya ƙirƙiro. Lauyoyi sun sha jin mutum yana rantsuwa cewa ya gaya wa mai bincike, ga takarda kuma babu ko layi ɗaya a kai. Kotu kuwa tana da ikon ɗaure mutum bisa amsa laifin da ya yi kaɗai, idan ta gamsu da kansa ya yi kuma maganar ta fito sarai. Fashi da makami dai hukuncinsa kisa ne.

Shari'a Cikin Shari'a

Ba a ɓoye yake ba cewa wasu bayanan da duka ake samo su. Rahoton da ƙungiyar Amnesty ta fitar a 2014 ya ce a wasu caji ofis har akwai jami'in da ake yi wa laƙabi da mai kula da azaba. Koke-koke irin waɗannan ne suka taru suka kai ga zanga-zangar da ta sa aka rushe rundunar SARS a watan Oktoba na 2020. Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce in aka yi ƙorafin cewa da tilas aka samo amsa laifi, kotu ba za ta karɓa ba sai masu gabatar da ƙara sun tabbatar ba haka aka yi ba. Don warware wannan akan dakatar da babbar shari'a a buɗe wata ƙarama a cikinta, kan takardar kaɗai.

A nan ma akwai tarko. Dabam ne mutum ya ce bai faɗi wannan magana ba, dabam ne ya ce ya faɗa amma tilasta shi aka yi. In na farko ne, kotu za ta karɓi takardar, ta auna nauyinta a ƙarshe. In na biyu ne, shi ne ake buɗe ƙaramar shari'a. Kuma a daidai lokacin da aka miƙa takardar ake yin ƙorafi, in ta shige ta shige. Mutumin da ba shi da lauya bai san wannan bambanci ba, bai ma san lokacin da aka miƙa ba.

Ko an buɗe ƙaramar shari'ar, lauya da hannu biyu yake shiga. An yi shekara uku ko huɗu da faruwar abin, raunuka sun warke, tabon da ya rage ana iya cewa na noma ne ko na faɗuwa a babur. Mai bincike zai rantse cewa cikin lalama aka yi, har an kai mutumin gaban babban jami'i ya sake amsawa. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga wanda ya azabtar da wani, ta kuma ba wanda aka tsare ikon neman likitan da ya zaɓa ya duba shi bayan an yi masa tambayoyi. Sai dai da wuya a ji an gurfanar da wani jami'i a kanta, kuma takardar likita tana da amfani ne in an yi ta ciwo na ɗanye. Lauyan da ya zo ran farko shi ke ganin kumburin ƙafa, ya rubuta koke, ya roƙi majistare ya duba ya rubuta a littafinsa. Wanda ya zo bayan wata shida labari kawai zai ji.

Maganin da masu yin doka suka kawo shi ne bidiyo. Sashe na 9 na dokar Jihar Legas ya ce in mutum zai amsa laifi a ɗauki hoton bidiyo, in babu na'ura a rubuta a gaban lauyan da ya zaɓa. Dokar Tarayya ta faɗi kusan haka, amma ta yi amfani da wata 'yar kalmar Turanci mai nufin "ana iya", aka yi shekaru alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara na saɓani a kanta, wasu su ce wajibi ne, wasu su ce zaɓi ne. A 2023 Kotun Ƙoli, a shari'ar Friday Charles da Jihar Legas, ta ce sharaɗin wajibi ne, bayanin da aka ɗauka ba a bi shi ba ba shi da ƙarfi. A 2024 ta faɗi haka game da dokar Tarayya a shari'ar Nnajiofor, wadda ta taso daga binciken hukumar EFCC. Ga lauyoyin kariya waɗannan hukunce-hukunce biyu babban makami ne, yanzu tambayar farko da suke yi wa mai bincike a akwatin shaida ita ce ina bidiyon.

Amma kada a ɗauka an gama. Bidiyo minti goman da aka kunna na'ura yake nunawa, ba ya nuna daren jiya. Akwai kuma fargabar da lauyoyi da kansu ke yi, cewa za a riƙa kiran wani lauyan da ke rakuɓe a bakin caji ofis ya sa hannu a matsayin shaida, alhali wanda ake zargi bai taɓa ganinsa ba. Doka cewa ta yi lauyan da mutum ya zaɓa, ba wanda mai bincike ya zaɓa masa ba. Gyaran da Jihar Legas ta yi wa dokarta a 2021 ya kuma hana jera waɗanda ake zargi a gaban 'yan jarida, al'adar da ke sa a yanke wa mutum hukunci a talabijin tun bai ga alƙali ba.

Tuhumar Ajiya

Wa'adin kai mutum kotu da sashe na 35 ya gindaya yana da ƙofa, domin an keɓe wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. Kotun majistare kuma ba ta da ikon yin shari'ar kisan kai ko fashi da makami, sai Babbar Kotu. Duk da haka gaban majistare 'yan sanda ke kai mutum, ba don a yi shari'a ba, don dai a sami takardar ajiye shi a kurkuku, a aika fayil ga Daraktan Gabatar da Ƙararraki na Ma'aikatar Shari'a, watau DPP, ya duba ko akwai hujja. Wannan shi ne holdin caji a bakin lauyoyi. Ba a tambayar mutum ko ya amsa ko bai amsa ba, lauyansa kuma ba shi da ta cewa kan gaskiyar zargin. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sha cewa doka ba ta san wannan abu ba, amma a 2007 Kotun Ƙoli, a shari'ar Lufadeju da Johnson, ta ce majistare na da ikon ajiye mutum bisa dokar Legas. Sababbin dokoki suka zo suka sa iyaka: ta Tarayya kwana 14, ana iya ƙara 14, ta Legas kwana 30, ana iya ƙara wata guda, daga nan majistare ya nemi Kwamishinan 'Yan Sanda da DPP su kawo dalilin ci gaba da tsarewa.

A wannan mataki lauya masinjan fayil yake komawa. Ya je caji ofis a ce ba kuɗin fotokwafi. Ya biya, ya dawo bayan mako biyu a ce an yi wa mai binciken canjin wurin aiki, maɓallin durowarsa kuma yana hannunsa. Ya je ma'aikata a Alausa a ce fayil bai iso ba. Abin da ke cikin fayil ɗin ma sau da yawa bai gani ba, ko da yake a 2015 Kotun Ƙoli, a shari'ar Okoye da Kwamishinan 'Yan Sanda, ta ce wanda ake tuhuma yana da haƙƙin a ba shi bayanan shaidu don ya shirya kariyarsa, ko da a kotun majistare ne.

Wanda ba shi da mai bin fayil kuwa, labarin Sikiru Alade ya ishe shi misali. An kama shi a Ikko a watan Maris na 2003, a watan Mayu majistare a Yaba ya sa a ajiye shi a Kirikiri kan zargin fashi, daga nan ba a sake waiwayarsa ba. Sai a watan Yuni na 2012 Kotun ECOWAS ta ce tsarewar haramun ce, aka sake shi cikin wannan shekara, bayan fiye da shekara tara ba a yi masa shari'a ba. Shekara da shekaru, kimanin kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yarin Nijeriya masu jiran shari'a ne. Sa'ad da wutar lantarki ta kashe fursunoni biyar a gidan yarin Ikoyi a watan Disamba na 2019, hukuma da kanta ta ce gidan na mutum 800 ne, amma akwai fiye da 3,000 a ciki, mafi yawansu ba a yanke musu hukunci ba.

Kamen jam'i shi ya fi ba lauyoyi wahala, kuma shi ya fi faɗa wa baƙi. Bayan rikicin Mile 12 a watan Maris na 2016 an gurfanar da fiye da mutum 100 a kotun majistare. A ƙarshen watan Agusta na 2019 aka tare mutum 123 da suka taso daga Jigawa cikin babbar mota da babura 48, aka tsare su, daga baya aka sake su domin ba a same su da kome ba. A irin wannan kame sunaye kansu rikicewa suke yi. Muhammadu uku, Abdullahi huɗu, kowane an rubuta shi yadda kunnen magatakarda ya ji, wani an sa masa sunan garinsu a madadin na uba. Lauya na iya wuni a ƙofar gidan yari yana neman mutumin da ke ciki da wani suna dabam.

In za a yi adalci, ɗan sanda mai bincike shi ma da kukansa. Sau da yawa ba a ba shi kuɗin mai ko na takarda, mai ƙara ne ke ɗaukar nauyi, wanda ya biya kuɗin mota kuwa shi ke nuna hanya. Kayan binciken zamani sun yi ƙaranci. Jihar Legas ta buɗe cibiyar gwajin ƙwayoyin halitta a 2017, aka lalata ta a hargitsin Oktoba na 2020. Inda ba a ɗauki zanen yatsa ba, ba a gwada jini ba, amsa laifi ita ce hujja mafi araha, shi ya sa ake matsa wa mutum a kanta.

Su ma lauyoyi ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A bakin kotunan majistare akwai waɗanda ake yi wa laƙabi da caji-da-beli, su karɓi kuɗi su nemi beli, daga ranar ba a sake ganinsu. Akwai ma waɗanda ba lauyoyi ba ne sam, baƙar kwat kawai gare su. Lauya na gaskiya yana da hatimin Ƙungiyar Lauyoyi da yake mannawa a takardunsa, yana da ofis, kuma yana ba da rasit. Ƙa'idar aikinsu ta hana shi tsaya wa wanda yake karewa a beli, don haka sai an nemo mai tsayawa, kotu kuma takan nemi takardar haraji da adireshin da za a je a tabbatar, abin da ɗan ci-rani mai kwana a rumfar kasuwa ba shi da shi. Mace tana da ikon tsaya wa mutum, dokar Legas da ta Tarayya duk sun faɗi haka ƙarara, ko da wani ya ce ba a karɓa.

Ga wanda ba shi da halin ɗaukar lauya akwai Hukumar Ba da Taimakon Shari'a ta Tarayya, wadda aka kafa a 1976, tana da ofisoshi a jihohi. A Legas akwai Ofishin Lauyan Jama'a da gwamnatin jiha ta buɗe a 2000, kyauta yake aiki, kuma ba a tambayar mutum jihar da ya fito. Akwai shirin lauyoyin da ke zagaya caji ofis suna duba waɗanda aka tsare, wanda rundunar 'yan sanda ta amince da shi da umarni mai lamba 20 a 2006, aka sabunta shi a 2017. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ce kowane babban caji ofis ya kasance da jami'i lauya mai lura da haƙƙin waɗanda aka kama, manyan majistarori kuma su riƙa kai ziyara sel-sel kowane wata. Lauyoyin nan ba su da yawa in aka gwama da yawan caji ofis, masu jin Hausa a cikinsu a Kudu sun fi ƙaranci, har su ma sai sun nemi tafinta.

Akwai wani layi a sashe na 17 na dokar 2015, wanda Dokar 'Yan Sanda ta maimaita, da shugabannin Hausawa na Agege, da Idi-Araba, da Sabon Badun, da Ama Hausa ta Owerri ya kamata su sani. Ya ce in mutum ba shi da lauya, ana iya ɗaukar bayaninsa a gaban jami'in Hukumar Taimakon Shari'a, ko na wata ƙungiyar sa kai, ko kuma duk wani mutum da ya zaɓa. Watau shugaban kasuwa, ko limami, ko wani ɗan boko na unguwa mai jin Turanci yana iya zama a ɗakin, muddin wanda aka kama ya ce shi yake so. Ba a yarda ya sa baki cikin bayanin ba. Amma yana ganin wanda ya yi tafinta, yana jin ko an karanta wa mutumin takardar da Hausa kafin ya dangwala, kuma lauya na iya kiransa shaida ran da aka miƙa takardar a kotu.